Layar Cikin Ordinatar Baba

Shafi na 23

Masu cewa na yi shiru, na ji. Ga shi. Kada wanda ya sake tambayata gidan wa ne.

*

Ƙiiit. Ƙiiit. Ƙiiit.

Sau uku, sai shiru.

Fanka na juyawa cikin akwatin ordinatar, wato kwamfuta, ƙaramar fitila koriya na kunne, amma ekran, gilashin da ke nuna hoto, baƙi ƙirin kamar bakin tsohuwar rijiya.

Almoustapha ya danne maɓallin har ta mutu. Ya ƙirga goma. Ya sake kunnawa.

Ƙiiit. Ƙiiit. Ƙiiit.

Tun hantsi yake abu ɗaya. Ya canja wayar wuta. Ya canja priz, wurin jona wuta a bango. Ya ciro wayar ekran ya hura mata iska ya mayar. Ya zare ƙaramar pil ɗin nan, batir mai kama da maɓallin riga, ya goga ta a wandonsa, ya mayar. Duk wayar da hannunsa ya kai gare ta ya danna ta sau biyu. Ba abin da ya canja sai zufar da ke ɗiga daga haɓarsa zuwa kan teburin babansa.

Yau kwana arba'in da rufe babansa Sha'ibu, wanda ake kira Mushe kamar sauran ma'aikatan boko. An yi addu'a da safe, an raba gumba da masa, dangin ƙauyen Bambeye sun kama hanya tun rana ba ta yi zafi ba. Abu ɗaya ya rage, kuma shi Inna ke jira. Yana kwance, numfashi na yi masa gardama, Mushe ya ce mata akwai saƙon Faisal cikin na'urar nan, kada a taɓa shi sai ranar arba'in.

Faisal, yayan Almoustapha, shekara shida ke nan da ya tafi bidar kuɗi Libiya. Ba ya kira. Baba ya ce mai gidan da yake wa aiki ba ya barin waya a hannun ma'aikata, sai dai ya saci hanya ya turo murya. Kowane farkon wata Baba zai kira Inna da Hawa matar Faisal cikin ɗakin nan, ya kunna musu. Minti ɗaya, wata rana biyu. Da wannan minti Inna ke rayuwa har wata ya zagayo.

Jiya da la'asar Almoustapha ya ga abin kunya ne a kunna saƙo cikin na'urar da zanzaro ya yi gini a cikinta. Ya ɗaura akwatin bayan moto, wato babur, ya kai wa mai facin taya na bakin tasha, aka buɗe, aka sa mata iskar kwamfuresa. Ƙura ta tashi, gidan zanzaro ya tarwatse. Wani abu kuma ya yi tsalle daga ciki ya faɗi a ƙafarsa.

Abin yana cikin aljihunsa yanzu. Tun jiya yake jin nauyinsa.

"Almu."

Ya zabura. Hawa ce tsaye bakin ƙofa, riƙe da kwanon fura.

"Ba ki iya sallama?"

"Sau biyu na yi. Kunnenka na wani wuri." Ta aje kwanon. "Inna ta ce in tambaya."

"Ki ce mata saura kaɗan."

"Haka ka ce da hantsi."

"To ki sake ce mata."

Ba ta tafi ba. Tana kallon akwatin da ke buɗe kamar an fede rago.

"Kunna in ji."

Ya kunna.

Ƙiiit. Ƙiiit. Ƙiiit.

Hawa ta ja mayafinta ta rufe kafaɗa, duk da zafin da ake yi.

"Ka ji ko?"

"Na ji mi?"

"Haka Baba ke bugun ƙyaure da zobenshi in ya dawo masallaci. Uku. Ba ya ƙarawa."

"Hawa, ƙarfe na. Ƙarfe da waya."

"Inna ta ji tun daga ɗaka. Ta tashi za ta buɗe ƙofa, sannan ta tuna."

 Rana ta take tsaka, unguwa ta yi tsit, ko akuya ba ta kuka. Lokacin nan ne tsofaffi ke hana yara zama gindin tsamiya. Almoustapha da ya yi lise, babbar sakandare, ya daina yarda da waɗannan tun tuni. Amma sai ya ga yana kauce wa kallon kujerar Baba, wadda har yanzu shacin zamansa ke kwance a kan katifarta.

Aka yi sallama daga zaure. Baba Talle ne, mai gyaran rediyo da portabul, wayar hannu, a kasuwa, aminin marigayi tun suna samari. Almoustapha ya kira shi tun ɗazu. Ya shigo yana jan ƙafa, jakar kayan aiki a hammata. Hawa ta durƙusa ta gaishe shi, ta fita.

Bai zauna kan kujerar ba, shi ma. Ya jawo turmin da ke kife ya zauna.

"Kunna."

Ƙiiit. Ƙiiit. Ƙiiit.

Tsohon ya rufe ido. Bai ko leƙa cikin akwatin ba.

"Wa ya buɗe ta?"

"Ni."

"Da mi ka share ta?"

"Iskar mai faci."

"Iskar mai faci." Ya girgiza kai. "Iskar da ke tada tayar babbar mota. Kai ɗan lise, da ka kai ta wurin maƙera sun sa mata zugazugi ma da ya hi sauƙi."

"Baba Talle, ba lokacin wasa ba na. Inna na jira."

"Na san abin da taka jira. Mi ya hita daga ciki?"

"Ƙura."

"Sai mi?"

"Gidan zanzaro."

"Sai mi?"

Almoustapha ya kalli bango.

"Yaro, kuka uku ga irin wagga na'ura ma'anarshi guda. Ta nemi baret ɗin ram ba ta gan shi ba. Ka ga wancan siririn allo koren da ke tsaye? Shi na. In bai zauna daram cikin raminshi ba, ko shekara za ka yi kana kunnawa, ba ta tashi. Duba maƙallin da ke riƙe shi ta dama."

Ya duba. Ta hagu akwai ɗan farin maƙalli. Ta dama babu, sai guntun karaya da ya yi baƙi don tsufa. Allon ya ɗan ɗaga kai daga wannan gefe, da ƙyar ido ke gani.

"Shekara uku da karyewarshi," in ji Talle. "Babanka ya sa mishi abin tokare. Ina abin?"

Almoustapha ya sa hannu aljihu. Ya aje ta kan tebur.

Laya ce. Jar fata, ɗinkin dukawa, faɗinta bai wuce yatsu biyu ba. Gefe guda ya lotsa, daidai inda allon ya daɗe yana danne ta.

"Ƙona ta za ni yi," ya ce. "Sau nawa muna faɗa da shi kan irin wannan? Mutum ya yi shekara talatin yana haɗa sauti gidan rediyo, ya ƙare da sa laya cikin ordinatar."

"To. Allah ya sa ba ka ƙona ba. Miƙo, in maida ta, ka kira uwarka."

Ya miƙa hannu. Almoustapha ya riga shi, ya danne layar da tafinsa.

Tsohon ya cika gaggawa. Shi ya gani.

"Baba Talle, guntun kwali ma ya isa tokare. Ko roba. Don mi sai laya?"

"Abin da ya samu ke nan."

"Ya samu, ko ya kai anka ɗunka?"

"Miƙo nan."

"Malamin da ya rubuta ta, wane na?"

"Almoustapha, ba a buɗe laya. Ko kai da ba ka yarda da ita ba ka san wannan."

"Na sani. Kowa ya sani. Shi ya sa in mutum na son ɓoye abu cikin gidan ga, nan na wurin da ba mai taɓawa."



Akwai reza cikin gwangwanin biro na Baba. Almoustapha ya ɗauko.

"Don girman kabarin da munka rufe tare, aje rezar ga."

"Don girmanshi za ni buɗe."

Zaren ya tsinke ɗaya bayan ɗaya. Fatar ta buɗe baki. Ba ƙamshin turare, ba hatimi. Takarda ce ta littafin makaranta, an ninke ta har ta yi tauri, a tsakiyarta ƙaramin katin waya da ya yi tsatsa.

Ya warware. Rubutun ajami ne, na wanda hannunsa bai saba ba. Ya bi shi da yatsa, leɓensa na motsi.

Daga Abdu ɗan Barmou zuwa ga mahaifin Faisal. Zazzaɓi ya kama shi kwana tara. Mun yi mishi sutura mu shida, mun rufe shi bayan garin Sabha ranar Talata, uku ga watan azumi. Ga katin wayarshi. Bai bar komi ba sai gaisuwa.

Ya karanta sau biyu. Ɗakin ya yi masa ƙanƙanta.

"Wane azumi?"

Talle na kallon ƙasa.

"Baba Talle. Wane azumi?"

"Uku sunka wuce."

"Ƙarya na. Wata biyu da sunka wuce na ji muryarshi cikin ɗakin ga. Da kunnena. Ya ce a gaida Inna, ya ce sanyi ya yi sauƙi."

"Cikin bazara ya ce sanyi ya yi sauƙi. Ba ka lura ba?"

Almoustapha ya dafa tebur.

"Kai da bakinka ka ce shekara talatin yana haɗa sauti," in ji tsohon a hankali. "Shekara ukun farko Faisal ya turo murya ta kai hamsin. Babanka bai share ko guda ba. Ranar da ɗan Barmou ya kawo takardar ga, shagona ya iske shi. Satin nan ne likita ya ce zuciyar uwarka ba ta ɗaukar ko faɗuwar kwano. Sha'ibu ya ce bari ta ji sauƙi, wata guda, sai shi hwaɗa mata. Ya shigo nan ya yanko gaisuwa daga wannan, ya yanko dariya daga wancan, ya liƙa. Wata guda ya zama biyu."

"Ya zama talatin da shida."

"Ya zama."

"Kai kuma kana zuwa kana cin tuwonta, kana ce mata Allah shi maido shi lahiya."

"Ina cewa."

"Ba ka ji kunya ba?"

"Kullum." Ya ɗago jajayen idanu. "Kai ka taɓa zama kusa ga mutum yana sauraren ɗanshi matacce yana cewa 'Inna' sau ɗari, yana zaɓen wadda ta hi daɗi? Ni na zauna. Nan, bisa turmin ga. Kada ka koya mani kunya."

"Don mi bai yaga takardar ba?"

"Saboda yarinyar can, Hawa. Ya ce ranar da gaskiya ta hito, alƙali zai nemi shaida kahin a sake ta. Ita kaɗai ta shaidar."

Wani abu ya motsa bayan labule. Almoustapha ya yaye shi.

Hawa ce, jingine da bango. Ba ta kuka. Idanunta a bushe suke, shi ya fi ba shi tsoro.

"Tun yaushe kike nan?"

"Tun reza."

"Hawa..."

"Zakara guda na," ta ce, kamar da bango take magana. "Cikin kowane saƙo akwai zakara da ke cara daga nesa. Cara biyu da rabi, sai a yanke. Na ce wane irin zakara na wanga da ba ya tsufa, ba a yanka shi? Na tura tambaya ta hannun Baba sau bakwai. Na ce yayanka shi hwaɗa mani ko in jira ko in tahi gidanmu. Amsa guda: 'A gaida Hawa, ta yi haƙuri.' Da murya guda. Da numfashi guda."

"Kin sani ke nan."

"Ban sani ba. Na ƙi sani." Ta dubi Talle. "Baba, shekara uku ina kitso ina lalle ranar salla, ashe takaba ta kamata. Wa zai ɗauki wannan?"

Tsohon ya runtse ido. Ya sunkuyar da kai har hularsa ta zame.

Daga tsakar gida aka ji takun takalmi, a hankali, ana ja. Duka ukun suka san takun.

"Maida ta," in ji Talle da raɗa. "Maza. Kome za a yi, ba yau ba. Ta ji saƙonta ta kwanta."

"In sake yi mata ƙarya?"

"Kana son rufe biyu cikin kwana arba'in?"

Almoustapha ya dunƙule takardar da katin cikin hannun hagu. Da na dama ya ɗauki fatar layar, wadda jiya ya yi niyyar ƙonawa, ya ninke ta, ya danna allon har ya ji ya zauna, ya cusa fatar a gefen da ya karye. Ta shiga da sauƙi. Sauƙin ya yi yawa, amma ba lokacin tunani.

Ya kunna.

Ƙit.

Sau ɗaya. Ekran ya yi haske. Rubutu ya gudana, sannan hoton Faisal ya fito, yana dariya, da rigar da ya tafi da ita.

"Salamu alaikum."

Inna Saratu ce, cikin zanen takaba, carbi a hannu. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Ta gaida Talle ba tare da ta dube shi ba. Ta dubi kujerar mijinta, ta zauna ƙasa kusa da ita.

"Na ji bugun ya canja," ta ce. "Na ce to, ya yarda."

"An gyara, Inna."

"Sannunka. Kunna mani yayanka."

Ba ta taɓa kiran sunan Faisal ba. Ɗan fari ne. Tun da Almoustapha ya yi wayo, "yayanka" take cewa, ko "mai tahiya". Ko ranar da ya tafi, tana bakin zaure, "kai" kawai ta ce masa.

Ya buɗe ma'ajiyar da aka rubuta wa FAISAL. Saƙonni ne jere, kowane da sunan watansa. Na ƙarshe ba shi da wata. An rubuta masa ARBA'IN.

Ya dubi Talle. Tsohon ya girgiza kai kaɗan, alamar bai san da wannan ba.

"Mi kaka jira?" in ji Inna. "Hawa, zo ki zauna. Mi ya samu idonki?"

"Hayaƙi na, Inna."

Hawa ta zauna daga bakin ƙofa. Almoustapha ya danna.

Shuuu, kamar iska cikin kara. Ba zakara. Sai aka yi tari, busasshen tari da ya kwana cikin gidan nan wata huɗu. Sai ƙarar zobe a kan katako, uku, a kan wannan teburin da Almoustapha ke dafe da shi.

Ya janye hannunsa.

"Saratu."

Carbin Inna ya faɗi.

"Saratu, ni na, ba yaron ba. In kina tsaye ki zauna. Hawa, ɗiyata, in kina nan, ke za ni fara roƙo gafara, don ke na hi cuta. Talle, na san kana nan, ba laihinka ba na, ni na ɗaure ka da rantsuwa."

Numfashi. Dogo, mai ƙara.

"Na so in hwaɗi da bakina, na kasa. Ina ganin idonki sai harshena shi mutu. Saratu, shekara uku ke nan ina zaune ɗakin ga ina..."

Ekran ya ɗauke.

Cikin akwatin, fatar layar ta zame ta faɗi. Ba takarda a cikinta, ba ta da kaurin riƙe komai.

Ƙiiit. Ƙiiit. Ƙiiit.

Ba wanda ya motsa. Fanka kawai ke juyawa.

"Shekara uku yana mi?" in ji Inna.



"Malam Talle, da kai nike. Shekara uku yana mi?"

"Hajiya, na'ura ta... bari a sake..."

"Hawa?"

Hawa ta cusa fuska cikin gwiwoyinta.

Inna ta juyo. Ta dubi jar fatar da ke kwance a buɗe. Ta dubi rezar. Sannan idonta ya sauka kan hannun hagun Almoustapha, inda gefen takarda ya leƙo tsakanin yatsu, da wutsiyar harafi guda.

Inna ba ta karanta boko. Amma ajami, ita ta koya masa.

Ta miƙe ba tare da ta dafa komai ba. Ta tako har gabansa. Ta shimfiɗa tafinta.

"Almoustapha."

"Na'am, Inna."

"Ina Faisal?"